Tayoyin Yashi

Na'Allah ya dafa bambar motar, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiyar, ya leƙa ƙasa.

"Ashiru, ganye nawa ka ƙara wa sifirin ɗin nan?"

"Uku-uku."

"Bibbiyu muka yi da kai."

Ashiru bakanike bai fito ba. Ƙafafunsa kawai ake gani sun leƙo daga ƙarƙashin motar, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan ya yi nasa wuri. Ya ci gaba da ɗaure noti kamar ba da shi ake ba. Sai da ya gama ya ce, "Ukun ya fi. Za ta fi ɗaukar kaya."

"Wane kaya? Buhu ashirin ne iyakarta, ka fi kowa sani."

"To yanzu sai ta ɗauki talatin."

Na'Allah ya yi tsaki, ya miƙe da ƙyar, ya ja da baya. Da ya dube ta da kyau sai fushin ya sauka. Goggo ta tashi. Tsofaffin tayoyinta ne a ƙafa har yanzu, sun suɗe sumul kamar tafin hannu, amma tsakanin taya da jikin mota mutum zai iya cusa kansa ya fito lafiya. Rabon da ya gan ta tsaye haka tun tana sabuwa.

Duk Kazaure ba wanda bai san Goggo ba. Farar a-kori-kura ce irin ta da, mai jan ƙafa huɗu, wadda in ta shiga taɓo duka tayoyin ke haƙilo tare. Marigayi Alhaji Kawu ya saye ta tun yana aiki a ofishin hakimi, shekara ashirin da shida ke nan, kuma tun ranar farko Na'Allah ne direbanta. Fenti ya koɗe, ƙofar direba sai da dabara take buɗuwa, amma injin ko tari ba ya yi. Matsalarta ɗaya, tsufa ya durƙusar da ita. Bara da damina, a kwazazzabon da ke hanyar gonar Alhaji bayan Roni, cikinta ya zauna daram a kan dutse, tayoyi na juyi a banza, sai da aka ɗauro shanun huɗa biyu suka fizgo ta. Yaran ƙauyen sun yi dariya ranar har da faɗuwa, Na'Allah kuwa ya yi kwana uku ba ya son a ambaci Roni.

Yau Asabar, kuma a lissafinsa yau Goggo za ta zama tasa.

Na'Allah yana da wani hali da ya taso da shi tun daga gidansu, wanda matarsa Dela ta yi shekara talatin tana yaƙa ba ta ci nasara ba. Ba ya iya karɓar abu a miƙawar farko. Ko goro ka ba shi sai ya ce a'a, ka sake ya ce ya gode, sai a ta uku zai sa hannu yana kallon gefe. Masu gajen haƙuri sukan mayar da goronsu aljihu tun a ta biyu, shi kuma ya wuni bakinsa ba ja.

Wata goma sha huɗu da suka wuce, da ciwo ya ci ƙarfin Alhaji Kawu, ya sa aka kira masa Na'Allah. Ashiru yana wurin, ya zo dubiya. Alhaji ya ce a ciro makullin Goggo daga ƙusar da ke zaure, inda Na'Allah ke rataye shi kullum da yamma. Ya kamo hannun direbansa, ya sa masa makullin a tafi, ya naɗe yatsun a kai.

"Na ba ka ita, Na'Allah. Halak malak."

Sai Na'Allah ya ji kamar in ya ce ya karɓa, ya yarda ke nan Alhaji mutuwa zai yi. Idonsa ya cika. Ya mayar da makullin a kan bargon Alhaji, ya ce, "Haba ranka ya daɗe, wace irin magana ce wannan? Sai ka tashi mun je gona tare." Alhaji ya yi murmushi, ya dubi Ashiru ya ce, "Ka dai ji." Ya buɗe baki zai sake magana tari ya sarƙe shi, mata suka shigo, maza suka fita. Miƙawa ta biyu da ta uku ba su samu ba. Bayan kwana tara aka kai shi makwancinsa.

Tun daga ranar Na'Allah bai fasa rataye makullin a ƙusar zaure ba. Musaddiƙ, babban ɗan marigayi, wanda ke aikin gwamnati a Dutse, yakan ce masa, "Baba, mun san da maganar. Bari dai a gama rabon gado." Ranar Litinin da ta wuce ya bugo waya ya ce, "Baba, a kai Goggo wurin Ashiru a ɗaga ta, a sa mata sababbin tayoyi. Kai nake so ka tsaya a kan aikin. Ranar Asabar zan zo mu ƙare maganarta."

To me ya rage? Yaro ɗan halak, ba ya so ya miƙa wa tsoho mota a durƙushe. Haka Na'Allah ya fassara, haka Dela ta fassara, kafin Laraba duk unguwa sun fassara. Dela ta ɗinka wa kujerar direba sabuwar riga da ragowar atamfa. Shi kuwa har ya yi magana da masu hatsi a kasuwar Gwiwa, ya ce bana in ruwa ya sauka ƙananan motoci suka ja da baya, shi zai riƙa shiga ƙauyuka ya fito musu da kaya. Ya haura sittin, gwiwa ta ƙi, gona ba shi da ita. Goggo ce gonarsa.

Ya kaɗe wandonsa. "Bari in je wurin Ukasha in zaɓo tayoyin."

Nan take Ashiru ya turo kansa waje. "A'a, zauna ka huta da ƙafar nan. Ni zan je."

"Kai za ka zaɓa wa Goggo takalmi ina raye?"

"Na ce ka bari."

"Ƙarasa ɗaurinka, malam." Ya tsayar da ɗan acaɓa ya hau.

Shagon Ukasha yana bakin babban titi, tayoyi jere har rufi, warin roba ya cika ko'ina. Ukasha ya taso ya gaishe shi ya jawo benci, amma Na'Allah bai zauna ba. Ya wuce ciki kai tsaye, hannu a baya, kamar mai zagayen karar shanu ranar kasuwa.

"Ukasha, taya iri uku ce ga mai shiga daji."

"Haka ne, Baba." Ukasha ya sha jin wannan karatu, amma ya gyara tsayuwa.

"Akwai ta dutse, mai kaurin gefe, don kada tsini ya farke ta. Akwai ta yashi. Akwai kuma ta laka, ita ce wannan." Ya jawo wata baƙa mai manyan haƙora, ya cusa babban yatsansa tsakaninsu ya nutse har gaɓa. "Ka ga tazarar nan? In ta ciji laka, kafin ta zagayo ta tofar. Mai ƙananan haƙora cikewa take yi ta koma santsi, kana zaune kana taka mai, mota na rawa wuri ɗaya. A kwalta wannan za ta riƙa gurnani, ta ƙara shan mai, na sani. Amma ni ba kwalta zan bi ba."

Ya juya ta, ya matso da ita bakin ƙofa, ya ƙanƙance ido yana neman 'yan lambobin da ke nuna shekarar da aka ƙera ta. Taya ma tsufa take yi a ajiye, ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ya gamsu. Ya buga mata tafi.

"Irin wannan huɗu."

Ukasha ya sosa ƙeya. "Baba, ai na Goggo an riga an ware. Baba Ashiru ya zo shekaranjiya. Ga su can."

Suna jingine a lungu, an rubuta musu suna da alli. Na'Allah ya ƙarasa yana shirin yi wa Ashiru dariya. Ya ɗora tafinsa a kan ta farko, sai dariyar ta tsaya.

Faffaɗa ce, fiye da tafin hannunsa da yatsu a baje. Haƙoranta ƙanana, a jere kusa da juna, kafaɗarta a zagaye, gefenta da laushi. Irin wadda ake rage wa iska ta baje ta yi ta shawagi a kan rairayi ba ta nutse ba. Taya ce mai kyau, mai tsada ma. Amma in ka sa ta a kwazazzabon Roni da damina, ko taku goma ba za ta yi ba.

Ashiru ba jahili ba ne. Shi ya zo da igiya ranar da shanu suka ja Goggo. Ya san hanyar Roni laka ce da dutse, ta Gwiwa ma haka. To ina yashin da zai ci irin wannan taya? Sai ka yi arewa, ka wuce Babura, ka tsallake iyaka. Can ne kuma ake yi wa mota lodin da sai da ganye uku-uku take ɗauka.

Na'Allah bai ɗago kai ba ya ce, "Shi kaɗai ya zo?"

"A'a, shi da wani baƙo ne, ɗan Nijar. Shi ya zaɓa ma. Har ya so ya biya da sefa, na ce ya je ya canzo." Ukasha ya dubi fuskarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Tsayar mini da a-daidaita-sahu, ka ɗora su."

"Na lakan ko waɗannan?"

"Waɗanda aka biya."

A hanya wayarsa ta yi ƙara. Dela ce. Ta ce ta ɗora shinkafa, 'yarsu Bahijja ma ta zo da yaranta don su ga mota, wai ƙaramin ya ce shi za a fara ɗauka. An gama? Na'Allah ya ce ana kai. Ya kashe wayar ya riƙe ta a hannu har gareji.

Ashiru yana wanke hannu da fetur lokacin da taya ta gangaro ta bugi ƙafarsa ta kwanta. Ya dube ta, bai dubi wanda ya turo ta ba.

"Ashiru, ina yashi a hanyar Roni?"

Ashiru ya ƙara zuba fetur a hannu.

"Tambayarka nake. Shekara talatin muna cin kwano ɗaya da kai. Ina yashi?"

"Cewa aka yi kada in faɗa maka."

"Wa ya ce?"

"Ka sani."

Na'Allah ya zauna a kan wani tsohon inji. "Kai ne shaida. Duk duniya mu uku ne a ɗakin nan, ɗaya yana ƙasa. Da bakinsa ya ce maka ka dai ji."

"Na ji. Kuma da suka kira ni gaban malamin da ke raba musu gado, abin da na ji na faɗa. Na ce na ga an ba ka. Ya ce sai me ya faru? Na ce na ga ka mayar." Ashiru ya ɗago a karo na farko. "Ƙarya na yi?"

"Ka ga idona ranar?"

"Na gani."

"Ka faɗa musu?"

"Ba a tambaye ni ido ba, Na'Allah."

"Yaushe aka yi zaman?"

"Kafin azumi."

Kafin azumi. Wata uku ke nan. Wata uku yana zuwa garejin nan suna shan shayi, yana ba Ashiru labarin masu hatsin Gwiwa, Ashiru yana gyaɗa kai yana cewa Allah ya sa albarka. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ba motar ba ma tukuna, gyaɗa kan.

"Ɗan Nijar ɗin, wa ya kawo shi?"

Ashiru ya ci gaba da murza yatsun da suka riga suka fita. Can ya ce, "In ban kawo ba wani zai kawo. Kuma duk motocin gidan nan ni nake gyarawa. In ce wa Musaddiƙ a'a, in ci me?"

Na'Allah ya kau da kai. Aka kira azahar, suka yi salla a masallacin gareji, sahu ɗaya, amma ya bar mutum biyu a tsakaninsu. Da suka dawo Ashiru ya kafa jak ya fara canza tayoyin. Na'Allah ya yi niyyar tafiya gida. Ya kai bakin titi ya dawo, don ya hango Ashiru yana ɗaure notin taya a jere maimakon ya riƙa tsallakewa, kuma ko yau za a raba shi da Goggo ba zai iya kallon wannan ya yi shiru ba.

Ana gab da la'asar wata baƙar mota ta tsaya. Musaddiƙ ya fito cikin farar shadda, bayansa wani dogon mutum siriri da rawani ruwan ƙasa. Musaddiƙ ya taho kai tsaye ya durƙusa har ƙasa a gaban Na'Allah, shaddar na shan baƙin mai.

"Baba, ina wuni? Ya ƙafa? Ya su Inna Dela?"

Na'Allah ya dubi ƙeyar yaron. A motar nan ya kai shi makarantar kwana, akwatinsa a baya, yana kuka har Ɗambatta. A motar nan ya koya masa tuƙi a filin idi, a ɓoye, Alhaji bai sani ba.

"Lafiya lau, Alhaji Ƙarami. Tashi, kada ka ɓata kayanka. Na ga tayoyin."

Musaddiƙ ya miƙe a hankali. Ya saci kallon Ashiru, Ashiru ya shige ƙarƙashin mota.

"Baba, wallahi ba yadda na so ba ne. Mu goma sha ɗaya ne, ban da iyayenmu mata. Na kawo maganarka a zaman. Malam ya ce abin da aka ba mutum ya mayar, ya koma hannun mai shi, in mai shi ya rasu ya shiga gado. Ya ce sai dai in duk magada sun yafe. Wasu sun yafe, wasu sun ƙi."

"Kai fa?"

Musaddiƙ ya dubi takalminsa.

"To," in ji Na'Allah. "Shari'a ba a ja da ita. Abu ɗaya zan tambaye ka. Me ya sa ka ce ni in tsaya a kan aikin?"

"Baba, wa ya san ta kamarka? Mai sayen, Alhaji Sama'ilu, cewa ya yi ba zai saya ba sai in direbanta na asali ne ya duba gyaran."

"Me ya hana ka faɗa mini tun ranar Litinin? Ko tun kafin azumi?"

"Kunya, Baba. Wallahi na ɗauki waya ya fi sau goma. Na kasa."

Na'Allah ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Shi kunya ta hana shi karɓa, yaron kuma kunya ta hana shi faɗa, amma ba ta hana shi sayarwa ba.

Baƙon ya matso ya miƙa hannu. Sunansa Sama'ilu, daga wajen Magarya, yana jigilar kaya zuwa ƙauyukan da ke cikin rairayi. Mutum ne mai fara'a, kuma a bayyane yake bai san komai ba. "Kai ne shofer ɗin? An ba ni labarinka. Mu ɗan zaga in ji muryarta?"

"Ba za ta fita haka ba," in ji Na'Allah.

Musaddiƙ ya fara cewa, "Baba, don Allah..."

"Ba abin da kake zato ba ne." Na'Allah ya durƙusa a gefen tayar gaba, ya nuna da yatsa. "Ashiru, fito ka gani. Ka ɗaga mota, ka bar mata tsohon tiyon birki. Dubi yadda ya miƙe kamar tsirkiya. Rami ɗaya taya za ta faɗa ya tsinke, mutum yana saman tudu da kaya ya taka birki ya ji wayam. Tun safe na gani, na ce bari in ga ko za ka tuna."

Gaskiya ba tun safe ya gani ba, bayan azahar ne. Kuma ya yi kusan awa guda yana kallon tiyon nan, zuciyarsa na ce masa ina ruwanka, ba motarka ba ce. Ya ji tsoron kansa a wannan awar fiye da yadda ya ji haushin kowa.

Ashiru ya canza tiyon da dogo, gaba da baya. Bayan la'asar Na'Allah ya kama ƙofa ya ɗaga ta sama kaɗan, ta buɗe. Sai da ya riƙe sitiyari ya ja jikinsa kafin ya iya hawa. Sama'ilu ya zauna a gefe.

Suka bar kwalta suka bi hanyar da ke hawa duwatsun bayan gari. Goggo tana tafe tana ɗan rangaji, ta tsallake kunyar dutsen da a da sai ya kauce mata, ko gogawa ba ta yi ba. Daga kujerar yana ganin hanya ta yi masa nisa, yana hango saman katangun mutane. Wata goma sha huɗu yana mafarkin wannan zaman.

Ya yi niyyar ba zai ce komai ba. Amma da suka kai gangare sai ya ji bakinsa na cewa, "Giya ta biyu, da sanyin safiya ba ta son gaggawa. Ka taka kuloci sau biyu."

"To."

"Allurar mai ƙarya take yi. In ta nuna rabi, kwata ne. Kuma yanzu da ta yi tsayi, kada ka sha kwana da gudu in akwai lodi a sama, za ta kwanta da kai. In ka shiga rairayi ka rage iska, in ka fito ka mayar, in ba haka ba gefen tayar zai cinye."

"Shofer, kana son motar nan."

"Tana da haƙuri," in ji Na'Allah. Ya juya kan motar.

A bakin gareji ya tsaya, ya kashe, ya zare makullin. Ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa yadda ya saba shekara ashirin da shida. Ƙasa ba ta inda ya bar ta. Ƙafar ta tafi a banza, gwiwar mai ciwo ta lanƙwashe, ya zube a kan hannuwansa cikin baƙin mai da ƙasa. Hularsa ta gangara ƙarƙashin mota.

Musaddiƙ da Ashiru suka rugo tare. "Sannu Baba! Sannu!" Ya ɗaga musu hannu, ya kama taya ya tashi da kansa. Makullin yana cikin tafinsa, ya yi masa shaida a fata.

Ya miƙa wa Sama'ilu. Kafin hannun ya gama miƙewa mutumin ya karɓe, ya ce madalla, ya jefa a aljihu ya ja zif. Na'Allah ya tsaya yana kallon aljihun. Ashe haka ake yi. Abin bai fi ƙiftawar ido ba.

Ya leƙa cikin motar ya kwance rigar kujerar da Dela ta ɗinka, ya ninke ta ya sa a hammata. Sama'ilu ya hau, ya yi musu sallama. Goggo ta hau titi ta yi arewa, sababbin tayoyin ko gurnani ba sa yi.

Musaddiƙ ya yi gyaran murya. Ya dubi hagu ya dubi dama, idonsa ya sauka a kan tsofaffin tayoyin nan huɗu da Ashiru ya jingine a bango.

"Baba, ga waɗannan. Ba sa cikin cinikin. Ka ɗauka, ko masu takalmi za su saya. Sauran magana kuma in na dawo wani satin za mu zauna."

Bakin Na'Allah ya buɗe da kansa. A'a ta riga ta hau harshe, da a bar su kawai, da na gode. Ya ji su sarai suna shirin fita. Ya rufe bakin, ya haɗiye.

Ya taka zuwa bangon yana ɗingishi. Ya ɗora hannu a kan ta farko, ya ɗora a kan ta biyu, har ta huɗu, kowace ya san inda aka yi mata faci da ranar da aka yi.

"Na karɓa," ya ce. Ya juya. "Ashiru, ka shaida?"

Ashiru ya sunkuyar da kai, ya ce wani abu can ƙasa.

"Ɗaga murya. Alhaji Ƙarami bai ji ba, kada gobe a tambaye ka."

"Na shaida."

"An ba ni, na karɓa, ban mayar ba."

"Na shaida, Na'Allah."

Musaddiƙ ya ce a sa su a but ɗin motarsa ya kai shi gida. Na'Allah ya fita bakin titi ya tsayar da a-daidaita-sahu, ya gangaro da tayoyin ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ya taɓa ba. Suka cika kujerar baya taf. Ya shimfiɗa rigar atamfar a ɗan gefen da ya rage kusa da direba, ya zauna a kai, ya faɗi sunan unguwarsu.